Zan iya rubuta labarin soyayya da sunayen jaruman finafinan Telugu?

Tambaya: Anti, barka da aiki. Ina rubuta littafin soyayya, ina sakin sa shafi-shafi a waya. Masu karatuna sun matsa min lamba in yi musu labari a kan jaruman nan na Telugu da muke kallo a fassarar Indiya-Hausa. Suna so in ɗaura wa Anushka da Prabhas aure, in kuma faɗi abin da ya raba Samantha da mijinta. Na ga Indiyawa ma suna irin wannan rubutun. Zan iya yi da sunayensu na gaskiya? Kuma ta ina zan fara, tunda ban taɓa zuwa Indiya ba?

Amsa: Ƙanwata, ki rubuta labarin, amma ki ajiye sunayen mutane. Masana'antar finafinan Telugu, yaren kudancin Indiya da cibiyar finafinansa take birnin Haidarabad, duk taki ce, da garinta da gidajen da suka riƙe ta da bukukuwanta da zaluncinta. Matar da za ki saka a tsakiya ce kawai sai kin ƙirƙiro ta da kanki. Ina da dalili na haƙƙi, ina da na sana'a, kuma a aikin gyaran rubutu da nake yi wa marubuta na lura na sana'ar ne aka fi mantawa da shi.

Ba ki yi ƙarya ba, Indiyawa suna yi. A Wattpad da shafukan masoya na Instagram da YouTube an aurar da Anushka Shetty ga Prabhas ba adadi, har da hotunan biki da na 'ya'ya na haɗi. Sun fito tare a finafinai tun 2009, sannan fim ɗin Baahubali kashi biyu, na 2015 da na 2017, ya sa duniya ta ɗauke su mata da miji. Su biyun sun sha faɗa wa 'yan jarida cewa abota ce tsakaninsu, ba a daina ba. Wannan shi ne mai sauƙin, don aure kawai ake ƙulla musu.

Na Samantha ya fi muni. Ta haɗu da Naga Chaitanya a wajen ɗaukar fim ɗinta na farko na Telugu wanda ya fito a 2010, suka yi aure a Goa a Oktoban 2017, biki biyu, na Hindu da na coci, tunda ita gidan Kirista ta tashi. Ranar 2 ga Oktoban 2021 suka fitar da sanarwar rabuwa, ba su faɗi dalili ba. Mutane sai suka cike gurbin da nasu labarin. Bayan 'yan kwanaki ita da kanta ta rubuta cewa ana yaɗa tana bin maza, ba ta son haihuwa, ta zubar da ciki. Ta kai wasu tashoshin YouTube ƙara a kotun Kukatpally da ke Haidarabad, kotu ta ce a sauke bidiyoyin. Shekara uku bayan haka, a Oktoban 2024, wata minista a jihar Telangana, Konda Surekha, ta jefa mutuwar auren cikin faɗanta na siyasa, har surukin Samantha na da, Nagarjuna, ya maka ta a kotu kan ɓata suna, ita kuma ta janye maganar. To idan kika zauna kika rubuta "abin da ya raba su", a layin waɗannan mutanen kika shiga, tunda ke ma ba ki sani ba, ƙirƙira za ki yi. Kuma mai karatu a waya ba ya ajiye labari a matsayin labari. Shafi ɗaya za a yanko a tura wani zaure ba tare da sunan littafi ba, gobe ki ji wata tana rantsuwa cewa haka aka yi.

Abin da ya fi ba ni tsoro a wannan harka shi ne wani lokaci ɓarnar daga masoya take fitowa. A Nuwamban 2023 aka yaɗa wani bidiyo da aka ɗora fuskar Rashmika Mandanna a jikin wata mata ta hanyar fasahar kwamfuta. Da 'yan sandan Delhi suka kama wanda ake zargi a Janairun 2024, sai ga shi matashi ne daga Guntur ta jihar Andhra Pradesh, mai gudanar da shafin masoyanta, kuma a cewar 'yan sandan mabiya yake son ƙarawa. Shi a ganinsa ba maƙiyinta ba ne.

Ta fuskar doka, ɓata suna laifi ne a Indiya da zai iya kai mutum ɗaurin shekara biyu, yanzu a ƙarƙashin sashe na 356 na sabuwar dokar laifuffukansu da ta fara aiki ranar 1 ga Yulin 2024. Kotunansu kuma sun fara ba jarumai kariya a kan suna da fuska da murya: Babbar Kotun Delhi ta ba Amitabh Bachchan a 2022, ta ba Aishwarya Rai da Nagarjuna a 2025. Ba zan tsorata ki da cewa lauya zai taso daga Haidarabad ya zo ƙofar gidanku ba, da wuya hakan ta faru. Amma ki tambayi kanki ko za ki iya ɗaukar sunan wata jarumar Kannywood mai rai, ki rubuta ta a ɗakin otal da wani jarumi, ki sake a waya. Kin san ba za ki iya ba, kuma ba tsoron hukumar tace finafinai kaɗai ne zai hana ki ba. Mun taso an koya mana nauyin jifan mace da abin da ido bai gani ba. Nisan ƙasa da bambancin addini ba su rage wa ƙarya komai.

Yanzu mu zo ga sana'a. Marubucin da ya ari sunan Anushka yana ganin ya huta, ba sai ya siffanta fuska ko hali ba, mai karatu ya riga ya sani. Matsalar ita ce kayan aro ba ya rufe katara. Abin da mai karatu ya sani gimbiyar cikin fim ce mai takobi, matar da ke sanye da kayan kuwa tsohuwar malamar motsa jiki na yoga ce daga Mangalore, wadda ta shiga fim a 2005. Duk labaran da na karanta irin waɗannan abu ɗaya suke maimaitawa: an haɗu a wajen ɗaukar fim, ruwan sama ya sauko, an yi kishi, an shirya. Babu komai na Telugu a ciki, za a iya canza sunayen a mayar da shi Kaduna ba a taɓa jimla ɗaya ba. Alhali ainihin rayuwar jarumar Telugu cike take da abin rubutawa wanda ba wanda ya taɓa kawo wa mai karatun Hausa.

Fara da wannan: yawancinsu ba 'yan Telugu ba ne. Yaren yana da masu magana sama da miliyan 80 a Indiya, yawancinsu a jihohin Andhra Pradesh da Telangana, amma manyan jarumai mata baƙi ne. Samantha 'yar Chennai ce. Anushka da Rashmika daga jihar Karnataka suke. Kajal Aggarwal da Tamannaah daga Mumbai, Rakul Preet Singh daga Delhi. Jaruma Sai Pallavi kuwa 'yar tsaunukan Tamil Nadu ce, likitanci ta karanta a ƙasar Jojiya. A Afrilun 2018 wata jaruma 'yar asalin yankin, Sri Reddy, ta yi zanga-zanga a gaban ofishin ƙungiyar masu shirya finafinai a unguwar Film Nagar, tana kukan cewa ana hana 'yan gida aiki, ana kuma neman mata da lalata kafin a ba su fim.

Ki hango yarinya 'yar shekara ashirin da aka kawo daga Mumbai. Tun asuba tana cikin motar nan mai ɗaki da ake ajiye wa jarumai, ana mata kwalliya, uwarta na zaune a gefe da wayoyi biyu, ita ce mai tsaro ita ce mai lissafin kuɗi. Mataimakin darakta ya ƙwanƙwasa, ya miƙo takarda: maganar da za ta faɗa an rubuta ta da baƙaƙen boko, a ƙasan kowane layi an sa ma'anarsa da Turanci. Ta haddace sauti ba tare da ta san inda kalma ta fara da inda ta ƙare ba. An kunna kyamara, wani ya tsuguna a gefe yana karanto mata layi-layi, ita kuma tana maimaitawa tana hawaye, tana faɗa wa jarumi ba za ta rayu ba sai da shi. Bayan watanni wata mata daban za ta shiga ɗakin ɗaukar murya ta ɗora tata a kan leɓɓanta. Muryar da 'yan Telugu suka so a bakin Samantha shekaru da dama ta mawaƙiya Chinmayi Sripada ce. Shi ya sa da Sai Pallavi ta koyi karin harshen Telangana ta yi maganarta da kanta a 2017, abin ya zama labari. Mu kuma a nan, fim ɗin kan biyo ta fassarar Hindi kafin ya iso ɗakin fassara a Kano, don haka muryar da masu karatunki suka ƙaunata ta ratsa bakuna da yawa kafin ta zo kunnensu. Ni da zan rubuta littafin nan, soyayyar tsakanin yarinyar da wannan mai tsugunon zan ƙulla ta, mutumin da kullum shi yake fara furta kalaman so kafin ta maimaita su ga wani. Ko kuma in ba mai muryar babi nata, matar da jihohi biyu suka haddace muryarta ba wanda ya san fuskarta a kasuwa.

Sai gidaje. Fim ɗin Telugu gado ne na maza. Gidan Nandamuri: N. T. Rama Rao, wanda ya kafa jam'iyya a 1982 ya zama babban ministan jihar Andhra Pradesh a 1983, da ɗansa Balakrishna da jikansa da ake kira ƙaramin NTR. Gidan Akkineni: Nageswara Rao, Nagarjuna, Naga Chaitanya, kuma su ke da Annapurna Studios. Gidan Daggubati, na su Venkatesh da Rana, su ma da nasu wajen ɗaukar fim. Gidan Chiranjeevi, da ƙaninsa Pawan Kalyan wanda ya zama mataimakin babban minista a 2024, da Ram Charan ɗan Chiranjeevi, da Allu Arjun ta ɓangaren matar Chiranjeevi. Akwai kuma batun jinsin gado na Hindu, wato rukunin da aka haifi mutum a ciki, a ƙarƙashi: gidajen uku na farko Kamma ne, gidan Chiranjeevi Kapu, kuma masoya sukan rabu a kan wannan layin. Masoyan ba na wasa ba ne. Suna kafa hoton jarumi mai tsayin bene su yi masa wanka da madara ranar fitar fim. A daren 4 ga Disamban 2024 turmutsutsu a sinimar Sandhya ta Haidarabad, wajen nuna kashi na biyu na fim ɗin Pushpa, ya kashe wata mata, har daga baya aka kama jarumin fim ɗin, Allu Arjun, ya kwana a tsare. Baƙuwar yarinya da ta so ɗan irin wannan gida, da wa za ta kara? Da kakan da sunansa ke jikin ƙofar wajen aikinta, da surukar da ke duba jinsi, da masoya miliyoyi da suke ganin su ma suna da ta cewa a zaɓen amarya.

Kuma lokaci ba ya jiran ta. Namiji yana jarumta har ya haura sittin, mace kuwa ana fara ƙirga mata tun tana talatin. Sridevi ta fito a matsayin jikar N. T. Rama Rao a 1972, a 1979 ta fito a matsayin budurwarsa. Kajal ta yi fim da Ram Charan a 2009, ta yi da mahaifinsa a 2017, duka a matsayin masoyiya. Aure kuma a da shi ne ƙarshen aiki: Amala ta auri Nagarjuna a 1992 ta janye shekaru masu yawa ta koma kula da dabbobi, Namrata Shirodkar ta auri Mahesh Babu a 2005 ta bar fitowa. Samantha da Kajal sun ci gaba da aiki bayan aure, to abin ya fara sauyawa, amma tambayar nan tana nan daram. Jarumarki in ta ce eh, me za ta rasa? Littafi guda ne wannan.

Idan kina son ganin yadda rayuwa ta fi ƙirƙira, ki nemi tarihin Savitri. Ita ce sarauniyar finafinan Telugu da Tamil a shekarun 1950 da 1960. A 1952 ta auri jarumin Tamil Gemini Ganesan a ɓoye, yana da mata da 'ya'ya, kuma yana tare da wata jarumar, Pushpavalli, mahaifiyar Rekha ɗin nan da iyayenmu suka sani a finafinan Hindi. Asirin ya fito ne da ta sa hannu a hoton tallan sabulu da suna Savitri Ganesh. Ta yi dukiya, ta yi kyauta ba lissafi, finafinan da ta zuba wa kuɗi suka faɗi, hukumar haraji ta bi ta, giya ta kama ta, auren ya watse. Ta rasu ranar 26 ga Disamban 1981 bayan wata 19 a sume. Da aka yi fim ɗin rayuwarta, Mahanati, a 2018, Keerthy Suresh ta ci kyautar ƙasa ta gwarzuwar jaruma da shi. Duk da haka ɗaya daga cikin 'ya'yan Gemini ta fito ta ce an zalunci mahaifinta a yadda aka nuna shi. Mutanen sun rasu, an yi bincike, an yi fim ɗin da girmamawa, kuma sai da ya yi wa wani ciwo. Ina ga masu rai da aka rubuta da ka?

Labarin Savitri ya kawo mu ga ramin da marubutan Hausa suka fi faɗawa. Mu idan soyayya ta cushe a littafi muna da ƙofar fita: ya auri duka biyun, a koma rikicin kishi. A can, ga mabiya Hindu, ƙofar a rufe take. Dokar auren Hindu ta 1955 ta haramta wa namiji mata ta biyu muddin ta farko tana nan ba a rabu a kotu ba. Wadda ta shiga a haka, aurenta ba shi da matsayi a gaban doka, kamar yadda aka daɗe ana magana a kan auren Jaya Prada da wani furodusa mai mata a 1986. Saki ma ba kalma ba ce, shari'a ce mai ɗaukar watanni ko shekaru. Idan addininsu ya bambanta kuma ba wanda zai sauya, akwai dokar aure ta musamman ta 1954, wadda ke buƙatar a ba da sanarwa a jira kwana 30, lokacin da ya ishi dangi da 'yan jarida su ji. Kuɗin aure ma ta ɓangaren mace yake fitowa zuwa gidan miji, duk da an haramta shi tun 1961. Kada in ga lefe a littafinki.

Auren zumunci akwai shi, har ya fi namu fitowa a finafinansu, amma da ƙa'ida. Yarinya tana iya auren ɗan kawunta ko ɗan gwaggonta, shi take kira bava, kuma akwai wasa da tsokana tsakaninsu tun suna yara. Ɗan baffa da ɗan inna kuwa yayye ne, aure bai taso ba. Mu ɗan baffa ne farkon wanda ake yi wa tayi, to ki kula kada hannunki ya rubuta abin da ya saba.

Bikin ma ba irin na finafinan Mumbai ba ne da ake jira a ga an zagaya wuta. Malamin addininsu ne yake duba taurari ya tsayar da minti, ko da ƙarfe uku na dare ya faɗa. A wasu gidajen kawunnan amarya ne suke ɗauko ta a cikin babban kwando su kawo ta rumfa. Ana riƙe labule tsakaninta da ango. Idan mintin ya cika, kowannensu ya miƙa hannu ya ɗora wa ɗayan wani curi a tsakiyar ka, haɗin mazarƙwaila da wani ƙwayar ƙamshin girki da suke kira jilakarra, sannan a janye labulen su kalli juna. Daga baya ya ɗaura mata zaren da aka rina da kurkur a wuya, ƙulli uku, sai su shiga zuba wa juna shinkafa a ka, ana gasar wa zai fi, dangi na ihu. Shafi biyu masu kyau a kan wannan sun fi babi goma na kallon-kallo a ruwan sama.

Bakin mutanenki ma ki gyara shi. Ba sa cewa bhaiya da didi, wannan Hindi ne. Uwa amma ce, uba nanna, yaya namiji anna, yaya mace akka, kuma ana liƙa garu a bayan sunan duk wanda ake girmamawa. Kaɗan ya isa, kada ki cika shafi da su. Manyan finafinai a bikin Sankranti na tsakiyar Janairu ake rige-rigen sakin su, manyan jarumai a unguwar Jubilee Hills ta Haidarabad suke zaune, masu neman ƙananan fitowa a unguwar Krishna Nagar suke cunkushe, tafiyar 'yan mintuna tsakaninsu. Rashin zuwa Indiya ba zai hana ki ba: hirarrakin jaruman da bukukuwan da ake yi kafin sakin fim suna nan a YouTube, da yawa da Turanci ko da fassara a ƙasa. Ki riƙa lura da wa ake ba makirufo na minti ashirin, wa ake ba na minti biyu, da inda ake zaunar da jaruma.

Abu biyu suka rage. Kada ki sa hoton kowace jaruma a bango ko a tallan littafin, don hoton ya mayar da sunan da kika cire. Sannan canza suna kaɗai bai wadatar ba. Idan jarumarki Kirista ce daga Chennai, ta auri ɗan babban gida a Goa, suka rabu bayan shekara huɗu, ta kamu da ciwon tsoka, kowa ya san wa kike nufi, kuma rubuta "wannan labari ƙirƙira ne" a shafin farko ba zai wanke ki ba. Ki ba wata ƙawarki mai kallon Indiya-Hausa babi uku na farko ba tare da kin yi mata bayani ba. Idan ta ɗago ta kira sunan wata jaruma, ki koma ki sauya garin haihuwa da addini da gidan mijin da shekarar auren, ki sake ba wata daban ta karanta.